Dakalin da Aka Auna da Kafaɗa

Idan ka shiga keke mai ƙafa uku a Minna ka ce a sauke ka a Dakali, duk mai keken da ya san unguwar Limawa ba zai tambaye ka wane dakali ba. Ƙofar gidanmu zai kai ka ya tsaya. Amma ka tambaye shi inda sunan ya samo asali, sai ya ce haka ya tarar ana faɗa. Ni kuwa duk ranar da na ji wani fasinja ya ambaci wurin sai in gyara zama, in ji kaina ya kumbura, ina jira a tambaye ni. Ba a cika tambayata ba. Wannan bai taɓa hana ni faɗa ba, don kakana ne ya gina dakalin da hannunsa, ni kuma ba na cikin masu ɓoye abin alfaharinsu.

Sunan dakali ma alfarma aka yi masa, tunda ba a zama a kansa. Siririn gini ne na dutse a bakin titi, dab da zauren gidanmu. A samansa an kwantar da guntayen ƙarfen layin dogo guda biyu, kusa da juna, da 'yar rata a tsakaninsu. Babu rubutu a jikinsa, babu fenti. A da baƙi sukan ɗauka alamar mil ce ta zamanin Turawa, wasu su ce kabarin wani bawan Allah ne, har na taɓa ganin wani dattijo ya tsaya yana yi masa addu'a. Da muna yara abin da muka sani game da shi bai wuce cewa nan yayyenmu ke ɗora mana takalmi idan suna son ganin kukanmu ba, saboda hannunmu ba ya kaiwa.

Labarinsa daga bakin Goggo na ji shi, ƙanwar mahaifina, wadda aure ya fitar da ita daga gidan, rasuwar miji ta dawo da ita. Ta ba ni shi ya fi a ƙirga. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, saboda haka Uwata take kirana, kuma ta ce tunda ni ce mai sunan, dole ni zan riƙe labarin.

Kakana Bakatsine ne, maƙeri. Aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Minna yana saurayi, ya zauna bai koma ba. Da ya yi aure aka haifi mahaifina, sai kakata ta kamu da ciwon nono, ruwan ya ɗauke ɗif. Aka gwada madarar akuya, jaririn ya amayar. Aka gwada ruwan kunu, bai zauna ba. Yaro ya yi ta tsala kuka har muryarsa ta dishe, ga shi dangi duk suna Katsina, maƙwabta kuma yawancinsu leburori ne marasa iyali.

Wata safiya sai wata Bagwariya ta biyo ta ƙofar gida za ta kasuwa, da goyo a bayanta, da ƙatuwar ƙwarya cike da doya a kafaɗa. Gwari muka taso muna cewa, su kuwa Gbagyi suke kiran kansu, kuma su muka tarar a ƙasar. Matansu ba sa ɗaukar kaya a ka. Sun ce kai shi ne sarkin jiki, ba a ɗora wa sarki kaya. A kafaɗa suke ɗorawa, wajen dokin wuya, su tallafe da hannu. Matar ta ji kukan, ta wuce, ta dawo ta tsaya. Ba ta jin Hausa, kakana ba ya jin yarensu. Ta nuna cikin gida, ta nuna ƙirjinta.

Ya gane nufinta, ya yi maza zai sauke ta. To, shi iya saninsa kaya daga ka ake sauke su: ka kama gindin ƙwarya ka ɗaga sama, mai kaya ta sunkuya ta zame. Ya kama ya ɗaga, ita kuma ta juya gefe yadda suka saba, ƙwarya ta kuɓuce ta dare gida biyu, doya ta watse a hanya. A nan Goggo takan tsaya ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Mutumin da ke lanƙwasa ƙarfe, ga ƙwarya ta ba shi kunya." Matar ba ta ko kalli doyar ba. Ta tsallake ta shiga gida, ta karɓi jaririn ta ba shi nono, ya sha har barci ya ɗauke shi.

Daga ranar kullum sai ta biyo, da safe in za ta kasuwa, da yamma in za ta koma ƙauyensu da ke bayan dutse. Kakana ya sayo mata sabuwar ƙwarya ta karɓa. Duk abin da ya ƙara miƙa mata bayan wannan ta ƙi. Ya rasa da me zai saka mata, sai ya lura da abu guda. Duk zuwanta sai ta tsaya a ƙofa tana jiran wata 'yar'uwarta ta zo wucewa ta taya ta saukewa, in za ta tafi ma sai an jira mai ɗora mata, don tun ranar farko ba ta sake yarda ya taɓa mata kaya ba. Sai ya kwaso duwatsu ya gina mata dakalin nan daidai kafaɗarta, ya yanko ƙarfe biyu daga cikin waɗanda aka zubar a tasha ya kwantar a kai, yadda gindin ƙwarya zai zauna tsakaninsu ba zai mirgina ba. Daga nan ta daina jiran kowa. Sai ta matso, ta jingina, ta zame kafaɗa, kaya su zauna.

Sauran mata suka gani suka shiga amfani da shi, masu doya da masu itace da masu gawayi. Kakata da ta warke ta kafa doka a gidan: duk wadda ta sauke kaya a dakali, a fita mata da ruwa. Na riski ƙarshen abin. Lokacin motoci sun karɓe yawancin dakon, amma jifa-jifa wata tsohuwa takan tsaya, mu ji ƙarar ƙwarya a kan ƙarfe daga cikin gida, a ce wa ɗayanmu, "Tashi, an sauke."

'Yar da ke goye a bayan matar ranar farko ta zama 'yar'uwar mahaifina ta shan nono. Har ya bar duniya Yaya yake kiranta. Duk shekara sabuwar doya na zuwa mana daga wurinta, naman layya da turmin atamfa na komawa. Takan zo da 'yarta, sa'ata, mu yini muna wasan 'yar carafke a zaure. Bayan rasuwar mahaifina suka tashi daga ƙauyen suka koma garin Kuta, ita ma Yayar tasa ta rasu, muka yi gaisuwa, daga nan zumunci ya yi sanyi. Ni aure ya kai ni unguwar Fadikpe, inda nake ɗinkin kayan mata har yau. Goggo ta rage a gidan da iyalin ƙannena, idonta na dishewa a hankali.

'Yan shekarun baya aka zo gyaran titinmu da gina magudanar ruwa. Aka bi layi ana shafa jan fenti a jikin duk abin da ya shigo hanya, dakali ma ya samu nasa. Goggo ta aiko a kira ni. Kafin in gama faɗan da na taho da shi a baki, sai ga shugaban ƙungiyar unguwa ya yi sallama. Alhaji muke ce masa, Banufe ne, iyayensa daga Bida suka zo, yana da shagon kayan gini a bakin kasuwa. Mutumin kirki ne, kodayake ba zan faɗa a gabansa ba, don tsakanin Katsinawa da Nufawa akwai wasa, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Ya durƙusa ya gaida Goggo, ya ce kada ta damu. Hanya dai ba za a hana ta wucewa ba, amma ƙungiya za ta sake gina dakalin a bayan magudanar, wanda ya fi na da kyau, a kafa masa allo mai rubutu kamar na wuraren tarihi, yadda duk mai wucewa zai san abin da ya faru a nan. Na ji daɗi ƙwarai. Na riga na fara hango sunan kakana a bakin titi.

Ranar da katafila ta iso layinmu ina can Fadikpe ɗinkin Sallah ya binne ni. Goggo ce ta ji rugugin, ta fito da sandarta tana lalube, ta tsaya a kan ƙarafan nan biyu kafin 'yan jari-bola su ga ko ƙyallinsu. Ta sa aka ja mata su har ƙarƙashin gadonta. Duwatsun kuwa aka tura su cikin ramin magudanar aka zuba siminti. Babu wanda ya auna tsayin dakalin kafin ya faɗi, har da ni da tef ke rataye a wuyana kullum. Wa ke auna abin da ya buɗe ido ya gani?

Bayan Sallah Alhaji ya aiko cewa gini ya kammala, saura a ɗora ƙarafa, kuma an sa ranar buɗewa, an gayyaci mai unguwa. Na hau keke na taho da murnata. Tun daga kwanar layi na hango shi, sai murnar ta koma ciki. An gina shi da bulo, an lulluɓe shi da farin tayil yana sheƙi, kuma ya yi tsawo, daidai kan mutum. A gefensa ga allo an kafa, an rubuta cewa nan ne mata masu kaya ke hutawa tun zamanin shigowar jirgi. A saman rubutun an zana wata siririyar mace mai dogon wuya, da gammo, da faranti a ka.

Na shiga na riƙo hannun Goggo na fito da ita. Ta ɗora tafinta a jikin tayil, ta yi sama da shi, ta ƙara yin sama, ta yi ɗage, hannunta bai kai ba.

"Uwata, ina ƙarshensa?"

"Yana sama, Goggo."

Na faɗa mata abin da aka rubuta, na kwatanta mata zanen. Sai ta ce, "'Yar wa ce?"

"Ba 'yar kowa ba ce, zane ne kawai."

"Na ji alama." Ta juya tana neman ƙofa da sandarta. "Ƙarfen ubana ba zai hau wannan ba. Kuma ki gaya wa ƙannenki, in ta Allah ta kasance, ta ƙofar baya za a fitar da ni. Ba zan wuce ta gabansa ba."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma daga ranar ta daina bi ta zaure. Ko gaisuwar maƙwabta za ta, sai ta zaga ta lungun baya inda ake zubar da toka. Raina ya ɓaci matuƙa, kuma na san abin da ya ɓata shi. Tsayin nan shi kaɗai ne shaidar cewa matar Bagwariya ce. Kakana bai iya boko ba, bai bar rubutu ba, kafaɗarta ya bari a bakin titi. Yanzu an ɗaga ginin zuwa ka, an cire ta daga labarinta an sa wata Bahaushiya da ba a taɓa haifa ba.

Washegari na dira a shagon Alhaji. Na same shi yana shan shayi a kan buhun siminti.

"Alhaji, ashe da gaske ne in Banufe ya tashi yi maka alheri ka fara neman tsari?"

Ya yi dariya. "Bakatsiniya, sannu da zuwa. Mun gyara muku tarihi, mun sa muku tayil da hannunmu, ko godiya babu? Haka bayi suke."

"Wa ya ba ku tsayin nan?"

"Hankali mana. An ce wurin sauke kaya ne. Kaya a ina suke? A ka. Magini ma sai da ya tsayar da wata mai tallan gyaɗa ya gwada, ya zauna daram."

"To na da fa, da ka tashi kana ganinsa, ya kai haka?"

"Wancan ai nutsewa ya yi. Tsufa ne, ƙasa ta ci rabinsa."

Na ja kujera na zauna, na ba shi labarin tun daga kukan jariri har fashewar ƙwarya. Ya san kakana ya gina, ya san mata na saukewa, sauran bai taɓa ji ba. Ina cikin magana na ga ya ajiye kofin. Da na gama ya nuna titi.

"Wallahi na ga matan nan da idona ina yaro," ya ce. "A kafaɗa. Kullum suna wucewa ta ƙofarmu. Ban taɓa haɗa su da tsayin dakalin ba." Ya shafa gemu. "Kuskuren da kakanki ya yi da ƙwarya shi muka sake yi da bulo. To, Hajiya, gyara ba gagara ba ne. Ba ni awo, gobe a rage shi."

To, a nan gizo ke saƙar. Ba ni da awo.

Na koma na tambayi Goggo. Ta ce ranar da aka fitar da ita amarya ta jingina da shi tana kuka, a haɓa ya tsaya mata. To amma Goggon da aka kai amarya ba ita ce wannan da tsufa ya ranƙwafar ba. Na bi tsofaffin unguwa, wannan ya nuna ƙirji, wancan ya nuna hanci, wani ya rantse ya fi shi tsawo. Na zazzage hotunan bikin gidanmu, na samu guda da dakalin ya fito a ciki, amma wani ƙaton baƙo mai babbar riga ya tsaya a gabansa ya rufe komai sai gefe. Ranar buɗewa na matsowa, ƙarafa na ƙarƙashin gado, Goggo na bin lungun toka.

Sai na koma ga sana'ata. Duk macen da ta kawo ɗinki a makon, bayan na gama awon riga sai in saki tef daga kafaɗarta zuwa ƙasa. Wata ta tambaye ni ko doguwar riga zan yi mata, ita da ta kawo siket. Na duba dogaye na duba gajeru, na ɗauki tsaka-tsaki, na naɗe tef a daidai wurin na kai wa Goggo ina jin kaina gwana.

Ta shafa tef ɗin ta miƙo mini. "Kafaɗar wa ce?"

"Ta mata ce dai, Goggo. Tsaka-tsaki."

"Da kaya ko babu?"

Na ce babu.

"Ke da kike auna mutane a tsaye suna ƙyaƙƙyafta ido a madubi. Kafaɗa mai kaya daban take, Uwata, sauka take yi. Kin taɓa tambayata yadda ubana ya auna?"

Ban taɓa ba. Ta ce mahaifiyarta ta gaya mata ba shi da igiya ba shi da sanda. Tsayar da matar ya yi da cikakken kayanta a kafaɗa, ya durƙusa a gefenta yana jera dutse kan dutse, har ƙarfe ya taɓo gindin ƙwarya. Ita ce ta ce masa ya isa, da kai, tunda ba su da yare ɗaya.

"Yadda aka yi na farko haka za a yi na biyu," in ji Goggo. "Jininta bai ƙare ba. Je ki Kuta."

Na je da kunya, don an daɗe ba a gaisa ba, kuma ga shi buƙata ce ta kai ni. A kasuwar doya na same ta. Yarinyar da muke 'yar carafke ta zama babbar 'yar kasuwa, ta yi jiki, ga tarin doya a gabanta, tana ba masu lodi umarni da murya mai kauri. Na tsaya na yi sallama. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tsaya a kan goshina.

"Kai ne 'yar Kawu," ta ce, da irin Hausarsu da ba ta damu da mace ko namiji ba. "Wannan goshi na Kawu ne. Sai yau?"

Na ce sai yau. Ta rungume ni, ta sa aka kawo mini kujera da ruwa, ta tambayi Mama, wato Goggo. Da na gaya mata abin da ya kawo ni ta yi dariya har tana dafa gwiwa, musamman wurin mai tallan gyaɗa.

"Ni na manta rabona da daukan kaya. Mota ne yake dauka yanzu." Ta taɓa kafaɗarta ta hagu, dariyar ta tsaya. "Amma wurin yana nan. Uwana ya ce ni da kakana tsayinmu daya. Zan zo."

Ta zo da safe a motar haya, da 'yarta, da buhun sabuwar doya, da tsohuwar ƙwaryar mahaifiyarta wadda aka ɗinke tsagarta da zare. Ta shiga ɗakin Goggo ta durƙusa, Goggo ta shafa fuskarta ta gangaro kafaɗa, ta daɗe a nan hannunta bai motsa ba. Sannan ta ce a jawo ƙarafan.

Alhaji ya riga ya sa an rushe bulon an kwashe tayil, ya aiko da duwatsu daga bayan gari. Magini yana ta gunaguni cewa tun da ya fara sana'a bai taɓa gini da mutum a matsayin ma'auni ba. Aka cika ƙwarya da doya, 'yar ta taya uwar ɗorawa. Ta ɗan yi tangaɗi, ta gyara ƙafa, ta tsaya. Da idona na ga kafaɗar ta sauka, abin da tef ɗina ba zai taɓa gaya mini ba. Magini ya durƙusa yana jera duwatsu ba siminti, yana cire wannan yana sa wancan. Rana ta fara zafi, gumi ya jiƙa mata riga. Na ce a rage doyar kaɗan.

"Kar ka taba," ta ce. "In an rage, kafada zai tashi, aiki ya lalace."

Haka ta tsaya har ya ɗora ƙarafan, gindin ƙwarya ya taɓa. Ta ce a ƙara ɗan siririn dutse. Aka ƙara. Ta gyaɗa kai. Magini ya ja layi a jikin katangarmu, aka sauke ta, ya kwaɓa siminti ya fara ginin gaske. Mai zanen allo yana gefe tun farko, Alhaji ya kira shi ya ce ya buɗe ido da kyau, wannan karon abin da ya gani zai zana.

Jikar Bagwariyar ta zauna a ɗakin Goggo har siminti ya bushe. A kwanakin nan aka yi gardamar rubutu. Alhaji ya so a fara da sunan kakana da manyan baƙaƙe, ni ma, in faɗi gaskiya, haka na so. Goggo ta ce a fara da na matar. "Shi dutse ya ɗauko, dutse kuwa ko'ina akwai shi a Minna. Ita fa?" Aka bi maganarta. Jikar ta faɗi sunan, mai zane ya maimaita har ya iya, aka rubuta shi a sama, na kakana a ƙasa.

Ranar buɗewa layinmu ya cika. Mai unguwa ya zo, 'yan ƙungiya sun sha fararen kaya, masu keke sun jera kekunansu suna leƙe, yau dai za su ji dalilin sunan da suke kira kullum. Na shiga na ce wa Goggo an shirya. Ta ɗaura sabon kallabi, ta ɗauki sanda, ta nufi zaure da kanta, ban ja ta ba. Aka ajiye mata kujera a bakin ƙofa.

Alhaji ya yi jawabi, bai manta ya ce Nufawa ne suka ceto tarihin Katsinawa ba, na bar shi don ranar tasa ce shi ma. Sannan aka buɗe hanya. Jikar ta taho daga kwanar layi da ƙwaryar doya a kafaɗa, tana irin tafiyar nan tasu mai ɗan sauri, kai a miƙe ba komai a kansa. Hayaniya ta lafa. Ta iso, ta matso, ta jingina, ta zame kafaɗa. Ko gwiwarta ba ta lanƙwasa ba. Ƙwarya ta zauna tsakanin ƙarafan da 'yar ƙaramar ƙara, ƙwas, wadda rabona da jin ta tun ina yarinya.

Goggo ba ta ga komai ba, amma ta ɗago kai. "Shi ne," ta ce.

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, ni da ake cewa idona a bushe yake. Alfahari ne ya cika ni, da kakana, da matar da ban taɓa gani ba wadda ba don ita ba da babu ni, da wannan tsohuwa mai taurin kai. Jikar ta miƙe tana murza kafaɗa, ta zo ta tsuguna a gaban Goggo.

"Mama, kakana yana fada mana wani abu," ta ce. "Ya ce duk garin nan, nan ne kadai ba ya rokon kowa ya sauke shi."

Goggo ta laluba ta kamo hannunta ta riƙe. Ta juyo inda take jin numfashina.

"Uwata, me kike tsaye yi? An sauke."

Na shiga gida na ɗebo ruwa.